Daga Gaban Kwamfuta Zuwa Kujerar Shugabanci: Jawabi Ga Dattawa, Iyaye Da Matasa



Zan yi magana ne a kan 'ya'yanmu waɗanda muka sayar da shinkafa da tumatir muka tura su karatun kwamfuta. Waɗansunsu yanzu suna aikin tsare na'urorin bankuna da kamfanoni daga ɓarayin intanet. Tambayar da iyaye suke yi ita ce, yaushe yaron nan zai tashi daga gaban na'ura ya zama shugaba? Amsata ita ce, gwaninta tana shigar da mutum ofis, amma riƙon amana da iya ɗaukar nauyin mutane su ne suke kai shi kujerar shugabanci.

Mu da muke noman rani a Kura da Bunkure mun san wannan. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa yana biyo kanal zuwa gonakinmu. Akwai ma'aikacin da ya san buɗe ƙofar ruwa da gyara ta. Akwai kuma wanda yake tsara rabon ruwan, yana tunanin manomin da ke can ƙarshen kanal, yana sasanta masu rigima, kuma shi ake tuhuma idan gona ta bushe. Na farkon yana aiki da ƙarfe, na biyun yana aiki da mutane. Haka abin yake a tsaron bayanai.

Wannan muƙami bai daɗe a duniya ba. A 1994 ɓarayi suka shiga na'urorin bankin Citibank na Amurka suka janye fiye da dala miliyan 10. A 1995 kamfanin ya naɗa Steve Katz shugaban tsaron bayanai, kuma shi ake ɗauka mutum na farko da ya riƙe irin wannan kujera. A nan Nijeriya an kafa dokar hana laifuffukan intanet a 2015, aka yi mata gyara a 2024. A 2018 Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna su naɗa babban jami'i mai kula da tsaron bayanai. A 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Saboda haka kujerun suna nan, kuma ana hawa daga ƙasa. Kashifu Inuwa Abdullahi, mutumin Haɗeja, ya yi aikin injiniyan haɗa na'urori a Galaxy Backbone, ya wuce Babban Bankin Nijeriya, kafin a naɗa shi shugaban hukumar NITDA a 2019.

To, me matashi zai koya? Mu duba Yusufu a Farawa sura 41. An kira shi ne domin gwanintarsa ta fassara mafarki. Amma bai tsaya nan ba. Ya bayyana wa Fir'auna hatsarin da ke tafe, ya kawo shawarar a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara bakwai, a kuma naɗa masu lura da aikin. Wannan ne ya mai da shi shugaba. Kai ma, ɗana, idan ka tsaya gaban manyan kamfani, kada ka cika su da kalmomin na'ura. Gaya musu abin da za a yi asara, da kuɗin da kariya za ta ci, da abin da ya kamata a fara yi. Ka koyi tsara kasafi, ka koyi rubuta rahoto gajere, ka horar da na ƙasa da kai. Takardun ƙwarewa suna da amfani, amma babbar takardar nan ta CISSP ma tana neman shekara biyar ta aiki kafin a ba mutum. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu mafi nauyi shi ne gaskiya a ranar da abu ya ɓaci. A 2016 ɓarayi suka kwashe bayanan mutane miliyan 57 daga kamfanin Uber. Shugaban tsaron kamfanin, Joe Sullivan, gwani ne wanda ya taɓa zama lauyan gwamnati. Amma aka biya ɓarayin dala dubu 100, aka rufe zancen. A 2022 kotun Amurka ta same shi da laifi saboda ɓoye lamarin. Ilimi bai cece shi ba. Annabi Ezekiyel a sura 33 ya nuna cewa mai tsaron da ya hango hatsari ya yi shiru, shi zai ɗauki alhakin abin da ya faru.

Dattawa, muna da namu aiki. Shugabanci ba a koyonsa a rana ɗaya. Mu ba matasa riƙon asusun zumunta, mu sa su karanta lissafi a gaban ikilisiya, mu yi musu tambayoyi. Yaron da ya iya bayanin naira dubu biyar a gaban dattawa, shi zai iya bayanin miliyoyi a gaban shugabannin banki. Iyaye kuma, idan yaro ya kawo kuɗin da ba mu san tushensu ba, mu tambaye shi, domin hannun da ya iya tsare ƙofa ya iya ɓalle ta. 'Ya'yanmu mata su ma kada a bar su baya.

Matasa, kada ku ce mu 'yan tsiraru ne, ba za a ba mu ba. Yusufu baƙo ne a Masar, Daniyel kuma a Babila. Ku yi aiki da maƙwabtanmu Musulmi cikin ladabi da gaskiya, ku tsare dukiyar kowa kamar taku. Ko an ɗaga ku, ko an jinkirta, bari a san ku da amana.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu hikima da tsoronsa, ya albarkaci gonakinmu da aikin hannuwanmu. Amin.