Lakurawa a Ƙasar Kabi: Wa Zai Amsa Kiran Talakan Ƙauye?





An nemi in yi magana kan tsaron farar hula a wannan yanki namu na kwarin Rima. Zan fara da garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie, a Masarautar Argungu, domin a can fitinar Lakurawa ta fara zubar da jini mai yawa a Jihar Kebbi.

Ranar Juma'a, 8 ga Nuwamba 2024, wasu mutane ɗauke da manyan bindigogi suka kora shanun mutanen Mera. Mazan gari suka bi sawu da abin da ya zo hannunsu. Aka yi arangama, aka kashe mutum aƙalla 15 daga cikinsu. A cikin makon ne kuma Hedikwatar Tsaro a Abuja ta bayyana wa duniya cewa akwai wata ƙungiya mai suna Lakurawa a iyakar Sakkwato da Kebbi.

Tun daga lokacin nake yi wa kaina tambaya guda. Me zai sa manomi mai iyali ya ɗauki sanda da adda ya bi mai bindigar yaƙi cikin daji? Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san rabin amsar. Shanun huɗa su ne gonar bana, su ne kuɗin asibiti, su ne kayan ɗakin yarinyar da za a aurar bayan kaka. Wanda aka kore wa su an kore masa shekara biyu ko uku na rayuwarsa. Ɗaya rabin amsar shi ya fi ɗaci: sun bi ne domin sun riga sun san babu wanda zai bi musu. Takardar nan tawa a kan wannan rabin na biyu take.

Yadda suka shigo

Asalin wutar ba a nan aka kunna ta ba. Bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011, makamai suka malalo cikin Sahara. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye da ƙungiyoyi masu iƙirarin jihadi, ƙasar ta shiga yaƙin da har yau bai ƙare ba. Daga nan ya ci Burkina Faso, ya ci yankin Tilaberi da Tawa a Nijar, ya gangaro Dosso, wadda ke maƙwabtaka da mu kai tsaye.

Amma abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne ƙofar da suka bi. A ƙananan hukumomin Tangaza da Gudu na Jihar Sakkwato, wajen 2017 zuwa 2018, ɓarayin daji daga Zamfara sun addabi mutane da satar shanu da garkuwa da mutane. Mutane sun yi kuka har sun gaji. Sai ga wasu baƙi masu bindiga daga tsallaken iyaka, masu rawani da yawan ambaton Allah, suna cewa za su kori ɓarayi. Wasu shugabannin al'umma suka karɓe su, kuma da farko sun kori ɓarayin. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ban zo nan don in zargi waɗannan bayin Allah ba, domin da ni ne a wurinsu ban san abin da zan yi ba. A 2018 da labarin baƙin ya fito, rundunar 'yan sanda ta ce makiyaya ne da suka saba zuwa neman ruwa da ciyawa. Shekara shida aka yi kafin hukuma ta kira waɗannan baƙi, wato Lakurawa, da sunan da ya dace da su.

A cikin waɗannan shekaru mai gadi ya zama mai gida. Suka fara karɓar shanu da sunan zakka. Suka fara bulala kan kiɗa da aski da sauraron waƙa a waya. Suka fara yanke hukunci a rikicin manomi da makiyayi, aikin da yake na dagaci da hakimi da alƙali. Suka fara jan matasa da kuɗi da babur. Garin da ya ƙi, ya ga abin da Mera ta gani.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar ya ƙara buɗe musu hanya. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, dangantakar sojojin ƙasashen biyu ta yi sanyi. Mu da muke nan mun san wannan iyakar a takarda take. Ba'are na Kangiwa da na Dogonduci dangi ne. Ɗan Kamba yana da surukai a Gaya. Rufewar ta tsayar da mai buhun albasa da mai tallar gero, ta bar mai babur da bindiga yana ratsa daji yadda ya ga dama.

Abin da ke faruwa bayan sojoji sun juya

A Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana Lakurawa a matsayin ƙungiyar ta'addanci. An turo sojoji, an tarwatsa sansanoni, kuma akwai jami'an da suka rasa rayukansu a wannan aiki. Allah Ya jiƙansu, Ya saka wa iyalansu. Duk abin da zan faɗa nan gaba ina faɗarsa ne da sanin wannan sadaukarwa.

A Maris 2025 jami'an tsaro suka kashe wani jagoransu da ake kira Maigemu a Ƙaramar Hukumar Arewa. Ba a yi mako guda ba suka auka wa Birnin Dede da ƙauyukan kewaye, suka kashe fiye da mutum 10, suka ƙona gidaje. Nasarar da aka yi shelarta a birni, talakan ƙauye ne ya biya kuɗinta. Wannan ita ce babbar ɓarakar tsarinmu. Ayari ya zo da motoci, a yi ɓarin wuta, ayari ya koma bariki kafin magariba. Ɗan ta'adda kuwa yana nan bayan tsauni yana ƙirga gidajen da yake zargin sun nuna hanya.

Saboda haka idan jami'i ya tsaya a taro ya ce jama'a su riƙa ba da bayanai, sai in ce gaskiya ne, da ɗan gari kan ci gari. To amma wa zai kwana da mai ba da bayanin? Na ji dattawa da yawa suna faɗar magana iri ɗaya: ka kai rahoto da safe, kafin dare waɗanda ka kai ƙara sun san sunanka. Muddin haka na faruwa, shirun mutanen ƙauye dabarar tsira ce, kuma zalunci ne a ɗauke shi a matsayin goyon bayan 'yan ta'adda. Ana buƙatar hanyar kai rahoto da ba ta bi ta hannu goma, da hukunci a bainar jama'a ga duk wanda ya tona asirin mai rahoto, ko wane ne shi.

Akwai kuma mutuwar da ke zuwa daga sama. Ranar 25 ga Disamba 2024 jirgin yaƙi ya kai hari kan Lakurawa a Ƙaramar Hukumar Silame, maƙwabciyarmu ta Sakkwato, aka rasa mutanen ƙauye 10. Shekara guda kafin nan, a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, fiye da mutum 80 suka rasu a irin wannan hari a wurin Maulidi. Kowane irin wannan kuskure wa'azi ne da aka rubuta wa Lakurawa kyauta. Yaron da ya binne mahaifinsa bayan harin jirgi ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya hau babur ɗinsu. Idan kuskure ya auku, a amsa shi da wuri, a je ta'aziyya, a biya diyya, a faɗa wa mutane abin da bincike ya gano.

Wasu za su ce a ba kowa bindiga ya kare kansa. Na fahimci zafin da ke sa a faɗi haka. Sai dai mu tuna abin da ya faru a Masarautar Zuru a Maris 2022, inda aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna aka kashe fiye da 60 a rana ɗaya. Mu kuma tuna Zamfara, inda kisan Fulani ba tare da shari'a ba ya tura waɗanda ba su ji ba ba su gani ba cikin daji. Bafulatanin ƙasar Kabi shi ne ma ya fi kowa asarar shanu a hannun Lakurawa. Ɗan banga yana da amfani idan an tantance shi ta hannun dagacinsa, an horar da shi, yana ƙarƙashin jami'i, kuma ya san cewa idan ya kashe marar laifi zai tsaya gaban alƙali.

Maganar zakka

Malamaina, ku gafarce ni in shiga gonarku kaɗan. Wannan ƙasa ce ta Gwandu, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda almajiri ke karanta Risala tun yana saurayi. Ya san nisabin shanu 30 ne, a fitar da ɗan maraƙi guda, sai shekara ta zagayo. Ya san na awaki da tumaki 40 ne. Ya san Suratut Tauba ta lissafa nau'in mutum takwas da ake ba zakka. A wane babi aka ce a kore shanun huɗa biyu na talaka da bakin bindiga? Sunan wannan aiki a fiƙihu hiraba, wato fashi, kuma hukuncinsa sananne ne. Ina roƙon a riƙa faɗar haka ƙarara a huɗubar Juma'a da gidajen rediyo, da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci. Limamin ƙauye ba zai iya faɗa shi kaɗai ba, domin gobe za su zo masa. Manyan malaman Birnin Kebbi da Argungu da Gwandu da Jega su za su ɗauki wannan nauyi da murya ɗaya, su zama inuwar da ƙananan limamai za su fake.

Ban manta da kudancin jiha ba. Ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da aka sace a Yunin 2021, da 'yan matan makarantar Maga a Nuwamban 2025, aikin ɓarayin daji ne, ba Lakurawa ba. Amma tsagewar bangon ɗaya ce, kuma ƙadangaru iri biyu ne ke shiga ta cikinta.

Tarihinmu ma yana da darasi: Sarkin Kabi Kanta ya kewaye Surame da ganuwar dutse wadda har yau kufanta na nan, saboda ya san sarauta ba ta tsayuwa idan talaka ba ya barci. A 1934 kuma Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, aka rufe babin gabar shekara fiye da ɗari tsakanin Kabawa da Sakkwato, aka shiga ruwa aka yi su domin girmama baƙo. Daga wannan sulhu aka samu bikin kamun kifi na Matan Fada da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Idan kakanninmu sun iya zama da waɗanda suka yi yaƙi da su, ban ga dalilin da zai hana Abuja da Yamai zama kan tsaron iyaka ba, ko da siyasarsu ta sha bamban. Sarakunan ɓangarorin biyu suna da zumuncin da ya girmi ƙasashen, su za su iya fara buɗe ƙofar.

Ya mai girma Gwamna Nasir Idris, ya Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya shugabannin rundunonin tsaro, roƙona shi ne a kafa sansanoni na dindindin a garuruwan iyaka na Augie da Arewa da Dandi, jami'ai su kwana inda mutane ke kwana, musamman a makonnin da ke biyo bayan kowane farmaki. A gyara hanyoyin da mota za ta bi ta isa ƙauye da damina. A rubuta sunayen marayu da zawarawan Mera da Birnin Dede, a ɗauki nauyin karatun yaransu. Manomin da aka kore wa shanu gobe ya samu lambar da zai kira, a ɗauka, a zo kafin ya ɗauki sandarsa.