Rinjaye da Yarda: Ra'ayin Jama'a Game da Shugabanci a Nijeriya



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda ake gane ra'ayin jama'a game da wanda ya cancanci ya shugabance su, a ƙasar da kawunan mutanenta suka rarrabu wajen siyasa. Ba sai an yi nisan kiwo wajen neman misali ba, domin kuwa Nijeriya ta isa. Za a fi tsayawa a kan zaɓen Shugaban Ƙasa na shekarar 1979, sa'an nan a taɓo abin da ya gabace shi da abin da ya biyo bayansa.

Kafin a shiga lissafin ƙuri'u, ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmomin da za a yi aiki da su. Kalmar jama'a tana da wani hali a nahawun Hausa. Ana iya cewa jama'a ta taru, ana kuma iya cewa jama'a sun taru, duka biyun daidai ne. Ɗan siyasa ya fi son ta farkon, domin idan ya ce jama'a ta zaɓe shi, ya mai da miliyoyin mutane baki ɗaya mai magana ɗaya. Amma malamin zaɓe da ke zaune gaban akwati ya san ta biyun ce gaskiya: jama'a sun zaɓa, wasu nan, wasu can, wasu kuwa ba su ma fito ba. Haka nan akwai bambanci tsakanin rinjaye da yarda. Rinjaye magana ce ta ma'auni, watau an ɗora kaya biyu, ɗaya ya danne ɗaya, ko da kuwa da nauyin ƙwayar gero ne. Ita kuwa yarda a zuci take. Mutum yana iya ƙin zaɓen wani, amma idan wannan ɗin ya hau, ya amince cewa shugabansa ne. A ƙasar da ra'ayi bai bi layin ƙabila ko addini ko yanki ba, rinjaye yakan jawo yarda a bayansa, saboda wanda aka kayar bana yana sa ran ya tashi baɗi. Inda ra'ayi ya bi waɗannan layuka kuwa, wanda aka kayar yakan ga kamar an kayar da shi ke nan har abada, tun da yake ba a sake ƙabila tsakanin zaɓe da zaɓe.

Jamhuriya ta Farko ta nuna wannan a fili. A zaɓen Tarayya na watan Disamba 1959, NPC ta sami kujeru 134 daga cikin 312 na Majalisar Wakilai, NCNC da abokiyar tafiyarta NEPU suka sami 89, AG kuma 73. Amma idan ƙuri'u aka ƙirga, ba kujeru ba, NCNC ta fi NPC yawa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an raba kujeru bisa yawan mutanen kowace Jiha, alhali matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a a wancan lokaci. To, wane ne jama'a suka zaɓa? Kowane ɓangare yana da lissafin da zai kafa hujja da shi. Mawaƙan siyasa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja a ɓangaren Sawaba, da takwarorinsu na ɓangaren Salama, kowannensu da sunan jama'a yake waƙa. Waƙa takan nuna zafin ra'ayi da inda ya dosa, amma ba ta faɗin yawan masu shi. An san inda wannan jamhuriya ta ƙare: juyin mulkin Janairu 1966, sa'an nan Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970.

Da wannan tabo a zukatansu ne mutanen da Janar Murtala Muhammed ya naɗa a watan Oktoba 1975, a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, suka zauna rubuta sabon Tsarin Mulki. Sun bar tsarin Ingila na Firayim Minista, suka ɗauki na Shugaban Ƙasa mai cikakken iko wanda ƙasa duka za ta zaɓa. Sai dai sun san cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma mutum yana iya tara ƙuri'u mafi yawa daga yankinsa kaɗai. Saboda haka dokar da aka kafa ta gindaya sharuɗɗa biyu. Na farko, ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u. Na biyu, ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kowace ɗaya daga cikin aƙalla sulusi biyu na jihohin Tarayya. Sharaɗin farko rinjaye yake aunawa. Na biyun ƙoƙari ne na auna yarda. Ba a ce dole kowace jiha ta fi son mutumin ba, abin da aka nema shi ne a yawancin sassan ƙasa a sami mutum ɗaya cikin huɗu da zai tsaya masa. Wannan tunani ne mai kyau ƙwarai, kuma har yau a kansa ake tafiya. Abin da aka bari bai daidaita ba shi ne, tun watan Fabrairu 1976 jihohi 19 ne, 19 kuwa ba ta rabuwa gida uku.

An yi zaɓen ranar 11 ga Agusta 1979, shekarar da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen Tarayya. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami ƙuri'u 5,688,857. Cif Obafemi Awolowo na UPN ya sami 4,916,651, Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP 2,822,523, Malam Aminu Kano na PRP 1,732,113, Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP kuma 1,686,489. Idan aka dubi inda ƙuri'un suka fito, sai a ga kamar taswirar ƙabilu aka shimfiɗa. Awolowo ya kwashe fiye da kashi 80 cikin 100 a Ikko da Ogun da Ondo da Oyo. Azikiwe ya yi haka a Anambra da Imo. Malam Aminu ya ɗauki fiye da kashi 75 a Kano, Waziri Ibrahim ya riƙe Barno. Shagari ne kaɗai ya tsallake iyakar gida da sosai, kuma abin lura shi ne kason da ya samu a Binuwai da Ribas ya fi wanda ya samu a Sakkwato, mahaifarsa. Ƙananan ƙabilu, waɗanda suka daɗe suna tsoron manyan maƙwabtansu, su ne suka ba NPN faɗin da ta yi tinƙaho da shi. Awolowo ya kai rubu'i a jihohi 6, Azikiwe a 3, Malam Aminu a 2, Shagari kuwa a 12. Jiha ta goma sha uku da ya fi kusa da rubu'i ita ce Kano, inda ya sami ƙuri'u 243,423 daga cikin 1,220,763, watau kashi 19.94 cikin 100.

A nan fa aka yi ta. Kafin zaɓe, yawancin mutane sun ɗauka sulusi biyun 19 shi ne 13, tun da ba a taɓa ganin guntun jiha ba. In haka ne, Shagari bai cika sharaɗi ba, sai an je zagaye na biyu, wanda a dokar lokacin 'yan majalisun Tarayya da na jihohi ne za su yi shi. Sai Cif Richard Akinjide, lauyan NPN, ya ce sulusi biyun 19 shi ne 12 da sulusi biyu, ba 13 ba. Bisa wannan, abin da ake bukata a jiha ta goma sha uku shi ne rubu'in sulusi biyun ƙuri'unta, watau sudusi. Sulusi biyun ƙuri'un Kano 813,842 ne, rubu'in wannan kuwa bai wuce 203,461 ba, ga shi Shagari yana da 243,423. Hukumar zaɓe ta FEDECO, a ƙarƙashin Cif Michael Ani, ta karɓi wannan fassara ta ce Shagari ya ci. Awolowo ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 26 ga Satumba a ƙarƙashin Babban Joji Atanda Fatai-Williams, ta tabbatar da zaɓen. Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa 'yan'uwansa alƙalai, yana ganin jiha ba ta gutsuruwa. Ranar 1 ga Oktoba aka rantsar da Shagari.

Ba aikin malamin harshe ba ne ya yi wa alƙalai gyara, amma akwai abin da ko ɗan firamare zai gani a cikin wannan lissafi. An rage jimlar ƙuri'un Kano zuwa sulusi biyu, ba a rage na Shagari ba. Da an rage duka biyun daidai wa daida, da kason yana nan a 19.94. A ɗaya gefen kuma, ba wanda zai ce akwai wani ɗan takara da ya fi Shagari kusa da abin da doka ta nufa, domin tazarar 12 da 6 ba ƙarama ba ce. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, sharaɗin da aka kafa don a auna yardar jama'a ya koma gardamar lissafi tsakanin lauyoyi. Mutumin Kano da ya dangwala wa mabuɗin PRP yana kirarin Nasara bai san an kasa jiharsa uku an ajiye kashi ɗaya a gefe ba. Shagari ya hau da sulusin ƙuri'un da aka jefa, waɗanda suka jefa ɗin kuma ba su fi sulusin masu rajista da yawa ba. A Ikko da Ogun da Ondo da Imo bai kai kashi 10 ba. Jam'iyyarsa tana da sanatoci 36 cikin 95, da wakilai 168 cikin 449, dole ta ƙulla ƙawance da NPP, ƙawancen da ya watse a 1981. Magoya bayan UPN kuwa ba su daina kallon shugabancin a matsayin na aro ba, har soja suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba 1983.

Zaɓen 12 ga Yuni 1993 kishiyar wannan ne. Cif Moshood Abiola na SDP, Bayarabe daga Abeokuta, ya ɗauki Ambasada Babagana Kingibe mataimaki, su biyun Musulmi, amma Kiristoci da dama suka zaɓe su. Ya kuma kayar da Alhaji Bashir Tofa na NRC a Kano, garinsa. Alƙaluman da suka fito daga jihohi sun ba shi wajen kashi 58 cikin 100. Ga rinjaye, ga faɗi, babu wani sulusi da za a yi gardama a kai, tun da jihohi 30 ne a lokacin. Duk da haka gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen, Abiola kuma ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998. Masu ɗaukar wannan zaɓe shaida ce ta haɗuwar kan 'yan Nijeriya suna da hujja, amma kada a mance cewa jam'iyyu biyu kaɗai soja suka ƙirƙira suka halatta. Idan ɗaki yana da ƙofa biyu, ba abin mamaki ba ne a ga fiye da rabin mutane sun bi ta ɗaya. Da an bar ƙofa biyar kamar a 1979, wataƙila da taswirar ta sake bayyana.

Raunin da sokewar ta bari shi ya sa a 1999 manyan 'yan siyasa suka shirya cewa 'yan takara biyun duka su fito daga ƙasar Yarbawa, watau Janar Olusegun Obasanjo da Cif Olu Falae. Obasanjo ya ci ƙasa, ya faɗi a yankinsa. Daga nan ne al'adar karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa ta yi ƙarfi, ko da yake ba ta cikin Tsarin Mulki. Ma'anarta ita ce a nemi yarda tun kafin a je akwati, a ce wa wanda bai samu ba bana ya dakata, nasa lokacin yana tafe. Tana da amfani wajen kwantar da hankali. Aibinta shi ne 'yan mutane kaɗan ne a cikin ɗaki suke yanke wa jama'a daga ina shugaba zai fito, sa'an nan a kawo musu su sa hannu.

Da ƙofofi suka sake yawaita a zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, sai ga 1979 ta dawo kusan da kamanninta. Bola Tinubu na APC ya sami ƙuri'u 8,794,726, ƙasa da kashi 37 cikin 100. Atiku Abubakar na PDP ya sami 6,984,520, Peter Obi na LP 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP 1,496,687. Jihohi 36 suna rabuwa uku ba saura, kuma Tinubu ya wuce 24 ɗin da ake bukata, amma sai gardama ta koma kan harafin haɗi guda a sashe na 134 na Tsarin Mulkin 1999: shin Abuja a lissafa ta kamar sauran jihohi, ko kuwa dole ne a sami rubu'i a cikinta ita kaɗai? Tinubu bai kai kashi 20 a Abuja ba. Ranar 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta ce Abuja ba ta da wani fifiko a kan jihohi. Kano kuwa, kamar a zamanin Malam Aminu, ta ware da ɗanta, ta ba Kwankwaso kusan ƙuri'a miliyan ɗaya, watau sulusi biyun duk abin da ya samu a ƙasa. Masu rajista a wannan zaɓe sun haura miliyan 93, waɗanda suka fito ba su cika miliyan 25 ba. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, amma Tsarin Mulki bai tanadi ma'aunin da za a ɗora shirun mutum miliyan 68 a kai ba.