Hotunanmu na ƙarƙashin gado

Daga nan Sanyinna nake magana, ina gai da mutanen Tambuwal da na Kebbe.

Makon jiya na jawo akwatin mahaifina daga ƙarƙashin gado ina neman takardar gona, sai na ci karo da hotuna a ƙulle cikin leda. Gara ta cinye rabinsu. Akwai guda da ya tsira: maza biyar a bakin fadama, ɗaya riƙe da igiyar jigo. Na kai wa kakata, ta gane uku, biyun kuwa ta ce sun ɓace mata. Ranar da ta kwanta dama, ukun nan ma sun tafi ke nan.

Wanga abu shi ya hana ni barci.

Ku duba Mali. Malick Sidibé mai hoto ne na unguwa a Bamako, irin wanda ake kira wajen biki. Samari da 'yan mata yake ɗauka cikin ado, wani da babur, wani da rediyo. Abin da ya bambanta shi da namu, bai zubar da fim ɗinsa ba, ya adana su cikin kwalaye. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a Italiya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Tun 1994 kuma Bamako ke shirya baje kolin hotunan Afirka, gidan tarihinsu na ƙasa yana cikin wuraren da ake rataye su.

Mu fa? Muna da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, mai ajiye rubuce-rubucen zamanin Daular Usmaniyya. Argungu na da gidan tarihin Kanta, Kano na da Gidan Makama. Duk abin alfahari ne, ban raina ba. Amma akasarin abin da za ka gani na sarauta ne da yaƙi da malanta. Mai jigon nan na hoton babana, a wane ɗaki zai shiga?

Wani zai ce, kai ɗan boko, ana fama da 'yan bindiga da tsadar taki kana zancen hoto? Na ji. To amma rubuta Sakkwato a intanet ka ga abin da zai fito maka. Haka aka yi wa Maiduguri, har wata 'yar garin, Fati Abubakar, ta ɗauki kyamara ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu biki, lokacin da duniya ba ta san komai game da garin ba sai bam. Ba ta ɓoye wahala ba, ta dai nuna akwai mutane a wurin.

Kuma ba hoto kaɗai ba ne. A Tamale, arewacin Gana, Ibrahim Mahama na tara tsofaffin buhunan da aka yi dakon koko da gawayi da su, a ɗinke, ya lulluɓe gini sukutum. Ka tsaya a gabansa, zufar 'yan dako kake kallo. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale ɗin, ba a Accra ba. Wannan ya fi komai burge ni.

To me zai hana mu? A samu aji guda lokacin hutu. A kafa jigo na gaske a tsakiya, tunda yaran yanzu injin ban ruwa kawai suka sani. A jera hotuna a bango, a kunna bidiyon dattijo yana bayanin yadda ake jan ruwa tun asuba.

Ga roƙona kafin lokacin. Ku fito da hotunan gidanku yau. Ku zauna da tsohuwa, ku rubuta suna da gari da shekara a baya, da fensir, don biro na huda takarda ya ɓata fuska. Ku ɗauka da waya a inuwa, ba da filasha ba. Hoton matan gida kuwa, sai da izininsu. Wanda ya gama ya turo ta akwatin saƙon wannan shafi, asalin ya zauna a hannunku.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.