Tallar da ke Sallama da Tallar da ke Haurowa ta Katanga

 

An ce in yi magana a kan talla a intanet. Na san akwai wanda zai ce a ransa, duk matsalolin da ke damun matashin Damagaram, ga rashin aiki, ga tsadar hatsi, a rasa abin tattaunawa sai talla? To ɗan uwa, ciro wayarka ka tuna daga asuba zuwa yanzu sau nawa aka nuna maka abin da ba ka nema ba. Ka buɗe karatun wani malami a YouTube, sai da aka tsayar da kai. Ka duba sakamakon ƙwallo, wani abu ya rufe fuskar wayar. Ƙanenka ya karɓa zai yi wasa, shi ma an tare shi. Abin da ke shiga idonka sau da yawa haka kullum, ya kai a zauna a yi maganarsa.

Mu dai ba baƙin talla ba ne. Garin nan ciniki ya raya shi. Tun zamanin Sarki Tanimun ayarin raƙuma ke saukowa daga Tarabulus ta Agadas, fatake su sauka a Zongo, Birni kuma yana cikin ganuwarsa. Har gobe in Alhamis ta yi, ka shiga kasuwar Dole, kowa kiran kayansa yake. Kalmar ma guda ce gare mu: yarinyar da ta ɗauko tiren gyaɗa talla take yi, kamfanin da ya biya Facebook shi ma talla yake yi. Don haka ba na cikin masu cewa talla duk ɓarna ce. Wanda ya ɗinka hula bai faɗa ba, wa zai saya?

Amma ku dubi yadda ƴar talla take. Tun daga nesa ka ji muryarta ka san abin da ya kawo ta. In za ta shiga gida sai ta yi sallama. In aka ce mata “Allah ya kawo kasuwa”, ta gane, ta juya ta wuce gida na gaba. Ba ta bin ka har ɗaka, ba ta laɓewa ta ji abin da kuke faɗi da iyalinka, ba ta kuma karɓar ko dala don ka saurare ta. Sannan ku dubi mai maganin nan da ke ɗaura lasifika a kan mota, ya tsaya daidai ƙofar makarantar allo yana zayyana cututtukan da ba a faɗi gaban yara. Su biyun duk talla suke, amma babu wanda zai ce ɗaya suke. Wannan bambancin da kakanninmu suka sani ba tare da wani ya rubuta musu ba, shi nake so mu ɗauka mu shiga da shi cikin waya.

Da farko mu san wa ke biyan kuɗin abin da muke cewa kyauta. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu sama da miliyar 134 na dalar Amurka a shekarar 2023, kuma kusan kashi 98 cikin 100 daga talla suka fito. Abin da yake sayar wa masu talla shi ne lokacinka da idonka, da abin da ya sani a kanka: shekarunka, garinku, abin da kake tsayawa ka kalla. WhatsApp ma da muka saba ganinsa babu talla, a watan Yunin 2025 kamfanin ya sanar zai fara sa ta a wurin da muke kallon status. A Turai mutum yana da intanet a gida wanda ba ya ƙarewa, talla lokaci kawai take ci masa. Mu nan fa? Ka sayi forfen dala ɗari da kuɗin da ka tsimi na kabu-kabu, bidiyon talla ya kunna kansa ya cinye maka mega. Wato kai ka biya kuɗin motar wanda ya zo damun ka. Wannan ita ce cutar farko, kuma ta fi zafi a kan talaka.

Su kansu masu sana'ar sun san akwai iyaka. Mutumin da ya ƙirƙiro tallar nan mai faɗowa ta rufe shafi, wani Ba'amurke Ethan Zuckerman, ya fito a 2014 ya nemi afuwar jama'a. A watan Fabrairun 2018 Google ya fara toshe wasu irin talla a Chrome: mai kunna sauti da kanta, mai rufe shafi ta sa ka ƙirga daƙiƙu kafin ka ga abin da ka zo nema, mai walƙiya kamar ta makantar da kai. Ba na cewa don Allah suka yi. Google shi ne babban dillalin talla a duniya, ya ga mutane sun fara sa manhajar toshe talla gaba ɗaya, ya ji tsoron kasuwarsa. Amma dai ya nuna cewa in jama'a suka ƙi abu, ana ja da baya. Ga maƙwabtanmu ma: tun 2016 hukumar sadarwar Nijeriya ta ba da lamba 2442, ka aika mata saƙo a daina turo maka tallar SMS. Mu kuma in aka sa maka abonoman da ba ka nema ba ana zarar maka kiredi kullum, kada ka tsaya ga zagi a fada. Ka je ofishin kamfanin, in ba su gyara ba akwai ARCEP, aikinta ke nan.

Yanzu in zo inda na fi jin tsoro, wato duniyoyin nan na cikin wasa. Manyanmu da yawa suna ganin yaro riƙe da waya su ce wasa yake. Ai ba wasa kaɗai ba ne, gari ne ya shiga. A Free Fire ko PUBG ko Roblox yana da jiki, yana da tufafi, yana da abokai, akwai kanti, akwai kuɗin wurin. Duk inda aka yi gari kuwa, ƴan talla za su sauka.

Wata tallar a can ba ta dame ni ba. Kana buga ƙwallo a waya, ga allunan kamfanoni a gefen fili kamar yadda suke a filin gaske. Ka gan su, ka san mene ne su, ba su tare maka hanya ba. Har wadda ake ce maka ka kalli daƙiƙa 30 a ƙara maka rai ko tsaba, in dai kai ka danna da hannunka kuma abin da za a nuna ba ƙazanta ba ne, ciniki ne a fili: ga lokacina, ga ladana. Ko da yake in yaro ya yi hakan sau ashirin a dare guda, lissafin ya canza.

Wadda ta dame ni ita ce wadda ta tuɓe rigar talla ta sa rigar wasa. A watan Disamban 2020 Free Fire ta sa Cristiano Ronaldo cikin wasan da sunan Chrono, yara suka yi ta neman lu'ulu'un da za su mallake shi, lu'ulu'un kuwa da kuɗin gaske ake saye. A 2021 kamfanin Nike ya gina wani wuri sukutum a cikin Roblox mai suna Nikeland. Yaro ya shiga ya yi tsalle, ya yi tsere, ya sa wa ɗan mutum-mutuminsa takalmin kamfanin. Tambaye shi ko ya ga talla, zai ce maka a'a. Yana cikin cikinta ne, shi ya sa bai gan ta ba. A 2022 wata ƙungiyar kare masu saye a Amurka ta kai ƙarar Roblox a kan irin wannan. A ƙarshen shekarar kuma hukumar kasuwancin Amurka ta sa Epic Games, mai wasan Fortnite, biyan dalar Amurka miliyan 520, kusan rabinsu saboda an tsara maɓallan wasan yadda mutum zai sayi abu bai yi niyya ba. Mu da muke ba ƙannenmu waya don su bar mu mu yi karatu, mu san inda muke tura su.

Kuma abin gaba yake yi. Wanda ya sa tabaran nan da ke rufe ido gaba ɗaya ya shiga duniyar kwamfuta, ba shi da gefen da zai kau da kai, ko'ina ya juya yana ciki. A 2021 Facebook ya gwada sa talla a cikin wani wasa na irin wannan tabarau mai suna Blaston. Masu wasan suka tayar da ƙura, suka ce mun sayi tabarau, mun sayi wasa, sannan a liƙa mana talla a ido? Cikin ƴan kwanaki masu wasan suka janye. Tabaran bai yawaita a nan ba tukuna, amma wayar da ke aljihunka ma shekara nawa ta yi da zuwa?

Akwai kuma mai laɓe. A watan Nuwamban 2020 wata jaridar Amurka ta fallasa cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi suka sauke don lokutan salla da alƙibla, tana ba wani kamfani mai suna X-Mode bayanan inda masu amfani da ita suke, shi kuma yana sayarwa, har da ƴan kwangilar sojan Amurka cikin masu saye. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, suka kuma ce sun yanke hulɗa da kamfanin. Ko ma yaya ne, wanda ya sauke ta don ya san lokacin la'asar bai san ana cinikin sawunsa ba. Tarayyar Turai yanzu ta hana manyan dandamali auna mutum da talla ta hanyar addininsa, ta kuma hana bin sawun yara don a yi musu talla. Mu ma tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP a Yamai. Doka tana nan, saura mu san da ita. Kafin nan, in manhajar tocila ta ce tana son lambobin wayarka da inda kake, tambaye ta me za ta haska da su.

To, duk wannan a kan manyan kamfanoni ne, kuma zagin na nesa yana da daɗi. Mu juyo gida. Rabin ɗakin nan ƴan talla ne. Wannan tana sa turaren wuta da atamfa a status, wancan yana sayar da waya, wani kilishi, wani takalmin fata na Damagaram. Madalla, Allah ya sa albarka. Status ma a ganina ita ce ta fi kama da ƴar talla mai ladabi, don sai wanda ya ga dama yake buɗewa. Amma wanda zai kwashi lambobin mutane ya zuba su a guruf ba da izininsu ba, ya haura katanga. Wanda ake sanar da rasuwa a guruf, ana cikin ta'aziyya ya jefo hoton shadda da farashi, shi da mai lasifikar nan ba su da maraba. Haka mai turo saƙon da ke cewa ka aika wa mutum ashirin in kana son Annabi, alhali a ƙasa lambar kasuwancinsa ce. Wannan ya ma fi muni, ya mai da ƙaunar da ke zuciyar mutane abin hawa.

Waɗanda suka karanta Risala a zaure sun san babin ciniki ya hana algus, ya hana yaudara da ɓoye aibin kaya. Hoton da aka gyara har launin atamfa ya canza, ɓoye aibi ne. An kuma hana mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi. To abokanka biyar da ka sa su rubuta “na saya, wallahi yana da kyau” alhali ko ganin kayan ba su yi ba, me suka yi in ba wannan ba? Dillali a kasuwar dabbobi kowa ya san yana da la'ada, shi ya sa ake auna maganarsa. Amma mai mabiya dubu hamsin a TikTok da zai ce “wannan maganin ni kaina shi nake sha”, an biya shi bai faɗa ba, ya ci amanar masu kallonsa. Balle masu raba lambar rangwame ta kamfanonin caca, suna samun kaso daga wanda ya shiga ta hannunsu. Ku tuna MMM a Nijeriya: ba allon kan titi ya yaɗa ta ba, aboki ne ya kawo aboki, ɗan uwa ya kawo ɗan uwa, har ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. Tallar da ta fi shiga jiki ita ce wadda ta fito daga bakin wanda ka yarda da shi, kuma a wurin wani, kai ne wannan mutumin.

Ga shawarar da nake kawo wa shugabanni, in an ga ta dace a tattauna. Gurufin ƙungiya ya ware rana guda ta talla, ni da za a bi tawa a ɗauki Alhamis, ta zo daidai da ranar kasuwa. Ran nan duk mai sana'a ya sa kayansa sau ɗaya, da hoton gaskiya da farashi a rubuce, ba “zo inbox” ba. In kayan wani ne kake tallatawa da la'ada, ka faɗa. Caca da duk harkar da ake cewa kawo jika goma ka karɓi ashirin, ba su da rana ko ɗaya. Sauran kwana shida a bar mana gurufin don karatu da sanarwa da zumunci.

Waɗanda kuma suke son a nuna musu yadda ake hana a sa mutum a guruf ba izini, yana cikin WhatsApp wajen Confidentialité, sai Groupes, ka zaɓi Mes contacts. Yadda ake hana bidiyo kunna kansa a Facebook da yadda ake rufe wa manhaja sanin inda kake, in an tashi ku same mu a bakin ƙofa da wayoyinku, ƴan uwa mata kuma akwai waɗanda za su zauna da ku ta ɓangarenku.