Tarbiyyar Makaranta da Cin Zarafin Ɗalibai ta Wayar Hannu

(Jawabin da Kwamitin Ilimi ya gabatar a taron shekara na ƙungiya)



Sa'ad da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, murna muka yi, domin ta rage mana nisan gida. A yau kuwa ta zama bulalar da waɗansu ɗaliban jami'o'i da kwalejoji suke zane junansu da ita. Sai a ɗauki hoton yarinya a ɗakin kwana ba da saninta ba, ko a ƙaga wa yaro ƙarya, a jefa cikin zauren WhatsApp na aji. Kafin gari ya waye ɗaruruwa sun gani, magana kuwa zarar bunu ce. A da, wanda aka tsangwama a makaranta yakan huta in ya koma gida. Yanzu tsangwamar tana cikin aljihunsa, tana binsa har kan shimfiɗa. Daga nan sai ƙaurace wa lacca da faɗuwa jarrabawa, wani ma ya bar karatun.

Wannan ɓarna ba ta yaɗuwa sai ta sami 'yan kallo, 'yan kallo kuwa halin makarantarsu suke ɗauka. Inda malami yake muzanta ɗalibi a gaban aji, ofishin kula da harkokin ɗalibai yake binne ƙorafi, ɗan babban mutum yake tsallake hukunci, to yara sun riga sun koyi cewa zalunci ba ya da sakayya. Inda kuwa ake sauraron mai kuka, ake hukunci da adalci, ɗalibai da kansu suke tsawata wa mai yaɗawa.

Gaskiya ne akwai Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, amma doka sai an yi ɓarna take zuwa. Mu tuna, jami'o'inmu suna shaida cancantar hali da ilimi ne kafin su ba da digiri, kuma hali suke fara ambata.

Saboda haka muna kira ga iyaye: kafin mu biya kuɗin rajista, mu binciki yadda makaranta take bi da ƙorafin ɗalibai. Kowane reshen ƙungiya ya naɗa dattijo da dattijuwa da 'ya'yanmu za su kai wa kuka cikin sirri. In kuma ɗanmu ne mai laifin, kada mu kare shi.

Allah ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.