Takardar Bayanin Manhajar da Za Ta Yi Magana da Sunanka

Shugaban taro, iyayenmu 'yan kasuwa na Kantin Kwari da Sabon Gari, malamai da ɗalibai, ina gaishe ku.

Maganata a yau kan manhajojin nan ne masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake damƙa wa shafin Facebook ko Instagram su rubuta talla, su zaɓi lokaci, su wallafa da kansu. Jera saƙo a sa masa lokaci ba sabon abu ba ne. Hootsuite na yin haka tun 2008, Meta Business Suite ma yana yi kyauta. Abin da ya sauya tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 shi ne, yanzu manhajar tana yanke shawara. Ta zama kamar yaron shago, kuma babu Alhajin da zai miƙa wa yaro makulli bai ji iyakar abin da zai yi ba. A nan takardar bayanin da kamfani ya rubuta ce kaɗai za ta gaya maka wannan iyaka, don haka ita nake so mu iya aunawa.

Ni abin da nake fara nema a ciki shi ne yadda ake tsayar da manhajar. A ce mai atamfa a Kwari ya zauna daren Lahadi ya jera tallan mako guda, kowane turmi da farashinsa. Ranar Laraba dala ta motsa, ko dilar ta ƙare. Ranar Alhamis talla ya fita da tsohon farashi, wata baiwar Allah a Maraɗi ta turo kuɗi. Wa zai yi mata bayani? Ko ku tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016. Da a ranar wani shafi na ta sakin tallan rangwame alhali maƙwabta na tsaye kan toka, da sunan mai shagon ya ɓaci, ko da yana cikin masu ɗebo ruwa. Takardar kirki za ta nuna maka a shafin farko inda za ka danna komai ya tsaya, daga wayar hannunka, ta kuma faɗa maka ko saƙon da ke kan layi zai fita idan datarka ta ƙare. Yawancin takardun nan sun fi ƙwazo wajen koya maka kunnawa, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Sai batun izini. Idan ka haɗa shafinka, me manhajar za ta iya gani? Saƙonnin kwastomomi, da lambobinsu, da hoton rasit ɗin da suka turo? A ina ake ajiye su, kuma yaya za ka janye izinin? Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, kuma kai ne kwastoma ya sani, ba wani kamfani a Amurka ba. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta ɗora wa kamfanin jiragen sama na Air Canada alhakin bayanin kuskure da manhajar hirarsa ta ba wani fasinja. Kamfanin ya so ya zame, ba a yarda ba.

Ku duba kwanan watan takardar ma. An rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a 2023 kamfanin ya sa kuɗi a ƙofar da irin waɗannan manhajoji ke shiga ta cikinta. Bayanin da ba a taɓa shi ba tun kafin nan zai kai ka ya baro.

Ɗalibanmu masu rubuta manhaja, ku nake so ku fi kasa kunne a nan. Takarda za ta ce manhajar na zaɓar lokacin da ya fi dacewa. Da agogon wa? Mu muna gaba da agogon Landan na hunturu da awa ɗaya. Ta san ana kulle shago a tafi masallacin Juma'a? Ta san da azumi hira kan koma bayan tarawihi da lokacin sahur? Idan ta ce tana jin Hausa, ta nuna misalin talla guda da ta rubuta, mu gani ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai. A Sabon Gari kuwa, inda ciniki ɗaya kan ratsa Hausa da Ibo da Turancin buroka, sai ta faɗi wanne aka gwada ta da shi.

Kafin kowa ya biya kuɗin wata, ya miƙa takardar ga yaron da ke riƙe masa waya, ba tare da ya yi masa ƙarin bayani ba. Ya ce masa ya jera talla ɗaya na gobe, ya gyara farashinsa, ya soke shi, sannan ya cire manhajar daga shafin. Duk inda yaron ya tsaya yana tambaya, a rubuta wurin, a aika wa kamfanin, a jira amsarsu.