Amsar Wasiƙunku: Shan Alabukun Tare da Ibuprofen

Wasiƙarmu ta yau daga wani manomi ce a Kibiya. Ya ce tun da aka shiga girbi bayansa ke ciwo, da safe yakan kaɗa Alabukun ya sha, da dare ya haɗiyi ibuprofen, ga shi kuma yana kan maganin hawan jini. Wai ko da matsala?

To Malam, akwai matsala, babba ma kuwa. Abin da ke cikin Alabukun asfirin ne da kafin. Shi kuwa asfirin, da ibuprofen, da diclofenac, da Feldene, duk 'yan gida ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. In ka haɗa biyu, ba sauƙi ka ƙara ba, ɓarna ka ninka. Suna cin bangon ciki har ya zama gyambo, wani lokaci ya yi jini. Suna kuma wahalar da ƙoda, balle ga wanda ya wuni a rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba. Sannan ibuprofen yana rage ƙarfin magungunan hawan jini da dama. Ka dakatar da su biyun, amma kada ka bar na hawan jinin.

Farasitamol gidansa daban, ya fi dacewa da kai. Sai dai shi ma babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a kwana guda, don yawansa na lalata hanta. A lura, Panadol farasitamol ne, Procold na mura ma akwai shi ciki.

Yadda ake bincikawa kuwa, ka tattara duk abin da kake sha a cikin kwalinsa, har jiƙo da garin gargajiya, ka kai wa ma'aikacin ɗakin magani a Babban Asibitin Rano ko asibitin da ke kusa da kai. Shi sunan sinadarin zai duba, ba sunan kamfani ba. Lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, rajista kawai take nunawa, ba ta ce wannan ya dace da wancan ba. Shi kuwa haɗin gajiyar nan da 'yan talla ke ƙullawa a leda ranar kasuwa, ba suna ba kwali, wa zai iya duba maka shi?

In ka ga bayan gidanka ya yi baƙi kamar kwalta, ko ka yi amai da jini, kada ka jira gari ya waye, a kai ka asibiti nan take.